Wai da gaske ake, ko kwalliya ce? Fashin baƙi kan masu koya wa ma'aikatu damawa da kowa

Kwanan baya ƙanwata ta turo min hoton wata sanarwar neman ma'aikata ta WhatsApp, wata ONG ce a nan Yamai ke neman mai riƙe lissafin kuɗi, can ƙasa da ƴan ƙananan haruffa an rubuta da Faransanci wai ana ƙarfafa wa mata da masu naƙasa gwiwa su ajiye dosiye, kuma su ba ruwansu da ƙabilar mutum ko addininsa ko asalinsa. Ta zagaye wurin da jan layi ta ce, Yaya dan Allah wannan da gaske suke ko kwalliya ce kawai? Na so in ba ta amsa da murya ta minti ɗaya, sai na ga abin ya fi ƙarfin minti ɗaya, don layi biyun nan akwai dogon tarihi a bayansu, akwai ƙungiyoyi a duniya da ba su da wata sana'a sai wannan, akwai kuɗi, akwai dokoki, kuma yanzu haka ana tafka rigima a kai. Shi ne na ce bari in zauna in warware zaren gaba ɗaya, wanda ya gaji a hanya ya sauka ba laifi.

Ƙungiyoyin da nake magana a kai ba irin masu haƙa rijiya ko rabon hatsi ba ne. Su ma'aikatu suke wa aiki, kamfani ne, banki ne, jami'a ce, ma'aikatar gwamnati ce ko ma wata ONG ƴar'uwarsu, su shigo su duba yadda ake ɗaukar mutane da yadda ake biyansu da yadda ake ƙara musu girma, sannan su ce ga inda kuke zubar da mutane ba ku sani ba. Abin da suke tallatawa ana taƙaita shi da haruffa uku, DEI, kuma kowane harafi da nasa zance. Na farko gauraya ce, wato in ka leƙa buro su wane ne a ciki, duk maza ne, duk ƴan gari ɗaya ne, duk lakwal ɗaya suka yi, ko kuwa an ɗan cakuɗa. Na biyu adalci, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa don suna ɗauka daidaito ne, alhali ba ɗaya ba ne. Ka shirya konkur a bene hawa na biyu, takarda iri ɗaya, awa biyu ga kowa, to ka yi daidaito ba wanda zai ce ka cuce shi a takarda, amma mai keken guragu yana ƙasa yana kallon matakala, makaho kuma an miƙa masa takardar da ba zai iya karantawa ba. Adalci shi ne ka sauko da jarrabawar ƙasa ka nemo wa makahon hanyar da zai amsa, tambayoyin ba su canza ba, ƙofar ce ta canza. Na ukun kuwa mu Hausawa muna da kalmar da ta fi tasu daɗi, a dama da kai. Ana iya ɗaukarka aiki a ba ka kujera da kwamfuta amma in za a yanke shawara sai ka ji an gama a wajen shan shayi da dare inda ba a kira ka ba, kai ɗan rakiya ne mai albashi.

Asalin tsarin da sunansa daga Amurka suka fito, kuma sai ka san wannan kafin ka gane dalilin da ya sa wani lokaci rigar ba ta zama daidai a jikinmu. A 1964 aka kafa dokar ƴancin jama'a wadda ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata ko addini ko jinsi ko ƙasar asali, a 1965 shugaba Johnson ya sa hannu a wani umarni da ya tilasta wa kamfanonin da ke cin kwangilar gwamnati su tashi tsaye su nemo waɗanda aka daɗe ana rufe wa ƙofa. Kamfanoni suka fara tsoron kotu, tsoron kotu ya haifi masu ba da shawara, masu ba da shawara suka zama sana'a. Akwai wadda ta riga dokar ma, Catalyst, wata mata Felice Schwartz ta kafa ta a 1962 don matan da ke son aiki a kamfanoni, har yau tana nan. Abin ya yi ta tafiya a hankali har ranar 25 ga Mayu 2020 da ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd a Minneapolis ya mutu duniya na kallo a waya, daga nan kamar an fasa madatsar ruwa, manyan kamfanoni da yawa suka naɗa darakta na musamman kan wannan harka, aka yi alƙawuran kuɗi masu yawan gaske, kuma guguwar ta biyo kuɗin agaji har ta iso buro-buron unguwannin Filato da Kwara Kano a Yamai.

To me suke yi takamaimai, ban da taro a otel? Babban abin da ke hannunsu shi ne ma'auni, kamar dai tiya a kasuwar hatsi, kowa na iya rantsuwa buhunsa cike yake amma sai an auna. Akwai wani ma'auni da ya yi suna da ake kira GDEIB, Julie O'Mara da Alan Richter suka fara fitar da shi a 2006, daga baya Nene Molefi ƴar Afirka ta Kudu ta shigo cikin marubutan fitowar 2021, kuma wata ƙungiya mai suna Centre for Global Inclusion ce ta ɗauki nauyin yaɗa shi. Ya kasa aikin ma'aikata gida 15, tun daga shugabanci da ɗaukar aiki da albashi har zuwa wajen wa kuke sayen kaya da yadda kuke tallata hajarku, kowane gida kuma ana duba shi a kan mataki biyar. Matakin farko ba a fara komai ba, ba a ma san da zancen ba. Na biyu ana yi ne don tsoron doka ko don wani ya yi ƙorafi. Na uku an fara yi da niyya, na huɗu abin ya shiga jinin aiki ana ganin sakamako, na biyar kun zama abin koyi. Hukumar ISO mai tsara ƙa'idojin inganci ta duniya ita ma ta fitar da nata a 2021, mai lamba 30415. Ni dai a ɗan zaman da na yi a buro-buron garin nan, in za a auna mu da gaskiya yawancinmu a mataki na biyu muke kwance, ana rubuta layin nan ne don mai ba da kuɗi ya ce ba zai saki kuɗin foroje ba sai ya gan shi.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a riƙa tunawa game da su kansu masu awon. Da yawansu da kuɗin kamfanoni suke rayuwa, kamfani ya biya kuɗin zama mamba, ya biya kuɗin horo, ya sayi tebur a bikin ba da lambar yabo. Wanda ake aunawa shi ke ciyar da mai tiyar. Ban ce duk ha'inci suke ba, amma wanda ya taɓa sayen gero ya san abin da hakan ke iya jawowa, shi ya sa rahotonsu yakan cika da yabo da kalamai masu laushi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce shin akwai cutar ma, kuma shin maganin na aiki. Ta farko an gwada ta gwaji mai kyau. Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki na ƙarya kusan 5,000 ga kamfanonin Boston da Chicago, sunayen da ke kan takardun ta hanyar ƙuri'a aka raba su, wasu an sa musu sunan da aka san fararen fata da shi irin su Emily da Greg, wasu kuma irin su Lakisha da Jamal. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya nuna masu sunan fararen fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. Suna kawai fa, ba a ga fuskar kowa ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin masu tace dosiye a nan ya san mu ma ido na fara sauka ne a kan suna da wurin haihuwa kafin ya kai ga difulom, ba sai mutum ya yi niyyar mugunta ba, zuciya ce ke cewa wannan namu ne.

Ta biyun ce ke da ban mamaki, kuma ita ce nake so ƴan ONG ɗinmu su ji da kyau. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi diddigin kamfanonin Amurka sama da 800 na tsawon shekara kusan 30, abin da suka bayyana a 2016 shi ne horon dole, wato a tara manyan ma'aikata a ɗaki a yi musu wa'azin ku daina wariya, ba ya ƙara komai, shekara biyar bayan irin wannan horon ma sai aka ga kason mata baƙaƙen fata a cikin shugabanni ya ragu da kashi 9 cikin 100. Mutum ba ya son a tsare shi a nuna masa yatsa, sai ya fito da haushi ya rama a ɓoye. Abubuwan da suka ga suna aiki ba masu ƙyalƙyali ba ne, a haɗa sabon ma'aikaci da wani babba da zai riƙe hannunsa ya nuna masa hanya, a tura shugabanni da kansu su je neman ma'aikata inda ba a saba zuwa ba, a kafa ɗan kwamiti da zai riƙa duba alƙaluma yana tambaya me ya sa sashen wane shekara uku ba mace ko ɗaya. Yanzu ku dubi abin da muka fi ƙwarewa a kai a Yamai, ataliye na kwana uku, a rataya ƙyalle mai rubutu, a sha kofi da ƙarfe goma, a ci shinkafa da kaza, a sa hannu a karɓi fardiyam, a ɗauki hoto. Wato daidai abin da bincike ya ce ba ya aiki shi muka riƙe hannu bibbiyu, don shi ne mai sauƙin rubutawa a rahoto, mutum 40 sun samu horo, mata 18. Har ila yau akwai zancen da ake yawan maimaitawa wai kamfanin da ya gauraya mutane ya fi cin riba, wannan daga rahotannin kamfanin ba da shawara na McKinsey ya yaɗu tun 2015, amma a 2024 wasu malaman jami'a biyu sun sake lissafin da alƙaluman manyan kamfanonin Amurka ba su samu wannan sakamakon ba. Ni a ganina tun farko kuskure ne a jingina adalci da riba, ranar da ribar ba ta fito ba sai a ce to a koma yadda ake.

Wani zai ce ai duk wannan kayan Nasara ne. Nan kam ban yarda ba, don tun kafin haruffan nan uku su iso mu muna da namu faɗan. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka fito kan titi da yawan gaske saboda kwamitin da ke shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tak aka sa a ciki, ba su koma gida ba sai da aka ƙara mata biyar, shi ya sa har yau 13 ga Mayu take ranar matan Nijar, ba wata ƙungiyar waje da ta ba su fardiyam su fito. A majalisar da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce cikin depite 83. A watan Yuni 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta ce a muƙaman zaɓe kada wani jinsi ya gaza kashi 10 cikin 100, a muƙaman naɗi kuma kashi 25, ku lura dokar ba ta ce mata ba, kowane jinsi ta ce. Zaɓen 2004 sai ga mata 14 cikin 113. Aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, a 2019 aka kai shi 25, na naɗi kuma 30. Daga ɗaya zuwa 14 a zaɓe guda, wane ataliye ne ya taɓa yin haka? Ba zukatan shugabannin jam'iyyu ne suka narke ba, an dai ce jerin sunayen da bai cika kaso ba ba za a karɓe shi ba, shi kenan kowa ya tuna ashe akwai mata a garinsu. Gaskiya ne wasu jam'iyyun sun riƙa cike gurbi da matan manya da ƴan'uwansu, kuma kason naɗi an sha taka shi ba wanda ya ce uffan, sannan tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa balle a yi zancen kaso a cikinta. Amma darasin yana nan, ƙa'ida mai haƙori ta fi wa'azi.

Haka majalisar kafin a rushe ta a 2023 ta kasance da kujeru 8 na mazaɓu na musamman don ƙananan al'ummomi kada a haɗiye su, irin su Tasara a jihar Tawa da Bilma da Ngurti, haka bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 an shigar da tsoffin ƴan tawaye cikin soja da sauran ayyukan gwamnati. Wannan duk damawa da kowa ne da aka yi don ƙasa ta zauna. Ga kuma misalin dokar da ba ta da haƙori, tun 1993 akwai dokar da ta ce duk ma'aikatar da ke da mutum 20 zuwa sama ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. To ku ƙirga buro nawa kuka sani masu mutum 20, ku ƙirga nawa ne ke da ma'aikaci kurma ko makaho ko mai keke. Kai ko gangaren da keke zai hau ma, wani wurin an yi shi ne a tsaye kamar za a hau dutsen Ayar, an yi don mai duba gini ya gani ne ba don wani ya bi ba. Faransa tana da irin dokar tun 1987, kashi 6 cikin 100, amma can kamfanin da bai cika ba kuɗi yake zubawa a wani asusu duk shekara, shi ya sa ake jin tsoronta.

Inda nake da ja da masu kawo tsarin daga waje shi ne takardar awonsu an zana ta ne da ciwon Amurka, fari da baƙi, mace da namiji. Ka kawo ta Tawa, layin launin fata kusan ba abin da zai nuna maka, sai ka cike ta ka ci maki mai kyau alhali manyan katangunmu ba ta ma gan su ba. Ta farko ita ce asali, wanda ba a faɗa a taro amma kowa ya sani, ɗan wane ne, kakansa bawa ne ko ɗa, gidan maƙera ne ko mahauta ko maroƙa. Sai a 2003 dokar ƙasa ta mayar da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kai, bayan doguwar gwagwarmayar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. Hadijatou Mani a yankin Ƙonni aka sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Wannan ba tarihin kakanni ba ne, da yawanmu muna lakwal lokacin. Yaron da ya fito daga irin wannan gida ko ya yi digiri, ranar da za a naɗa shi shugaban foroje a yankinsu akwai masu cewa a ɓoye mutanen gari ba za su saurare shi ba, sai a ba wani, kuma a rahoto ba inda za a rubuta dalilin.

Ta biyu harshe. Taro a buro da Faransanci ake yi, wanda ya fi iya lanƙwasa harshe shi ne mai hankali, animatar da ta shekara goma tana yawo ƙauyukan Keita da Buza ta san dalilin da ya sa mata ba sa zuwa awo sai ta yi shiru don kada ta yi kuskuren nahawu a yi mata dariya, direba kuwa da ya fi kowa sanin hanya da mutane ba a ma kiransa ciki. A watan Maris 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, mu Hausawa mun ji daɗi ba ƙarya, amma nan ma sai mu yi hattara don yanzu ma'aunin ya juyo kanmu, in taro ya koma Hausa zalla Batube ko Bagurme ko Bazabarmen da Hausarsa ba ta nuna ba shi ne zai koma ɗan kallo. Mai rinjaye ba ya jin nauyin rinjayensa, kamar yadda mai takalmi ba ya sanin akwai ƙaya a hanya.

Ta uku ita ce uwa uba, wadda ƴan Nijar suka raɗa wa suna PAC, dangi da abokai da sanayya. Sau nawa ake fitar da sanarwa alhali an riga an san mai kujerar, sanarwar don cika ƙa'ida ce? Kuma ko ba a yi maguɗi ba, sanarwar da aka sa a intanet kawai, kwana biyar, ana neman shekara uku na ƙwarewa da istaj ɗin da ba a biya, wa zai iya? Sai wanda ke da gidan kwana a Yamai da mai ba shi kuɗin taksi. Yarinya mai ƙoƙari a Abalak ko Ilela ba wanda ya ce mata kar ki zo, amma an tsara abin yadda ba za ta iso ba. A cikin ONG na waje kuma akwai wata katangar da su kansu masu wa'azin ba sa son a taɓo, tazarar da ke tsakanin ma'aikacin da aka turo daga waje da ɗan ƙasa, a albashi da gida da mota da wanda ake fara kwashewa in tsaro ya lalace. A taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alƙawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020, shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanta ba.

Amma fa kar a ce tunda haka ne a fara tambayar kowa ƙabilarsa da asalinsa a rubuta a takarda. A Amurka cike wannan layin ba komai ba ne, a Faransa doka ta ƙuntata shi sosai, a Najeriya kuwa sun sa rabon muƙamai tsakanin jihohi a kundin tsarin mulki tun 1979 har da hukuma guda, kuma ana ta kukan abin ya ƙara wa zancen ɗan asalin jiha ƙarfi. Mu nan muna da abin da ke sanyaya mu, wasan taubasai, Bafillace da Babarbare, Bazabarme da Buzu, a zagi juna a yi dariya, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Ina son abin nan ƙwarai, sai dai yana kashe wutar faɗa ne, ba ya raba kujeru, taubashinka zai iya yi maka ba'a da safe ya ba ɗan ƙanwarsa aikin da rana. Abin da za a iya ƙirgawa ba tare da tayar da ƙura ba yana da yawa, mata nawa maza nawa a kowane mataki ba a jimla ba, daga wace jiha dosiye suka zo kuma a wane zagaye suka zube, albashin mutum biyu masu aiki ɗaya. A rufe suna da hoto a zagayen farko, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a rubuta maki kafin a fara hira tsakanin masu tacewa, a karanta sanarwa a rediyon gari da harsunan wurin. Ba ko ɗaya a ciki da ke buƙatar ɗakin otel.

Masu suka suna da maganganu biyu da nake ganin sai an saurara. Ɗaya, cancanta, wai za a ɗauki mace don mace ce a bar wanda ya fi ta. Yana faruwa in an yi abin da lalaci, kuma wadda aka ɗauka haka ita ke shan wahala don kullum ana mata kallon ƴar kaso ko da ta fi kowa iya aiki. Amma mai wannan magana sai ya fara nuna mana cewa tsarin da ake kai yanzu na cancanta ne ba na PAC ba. Ta biyu, mutane na zargin ana fakewa da wannan a shigo da batutuwan da addini da al'adarmu ba su karɓa ba, kuma gaskiya ne ƙunshin yadda yake a ƙasashen yamma ya haɗa da batutuwan da a nan ba su da karɓuwa, ɓoye wannan ba ya taimakon kowa. Sai dai hana wariya a wurin aiki da biyan mace da namiji daidai a kan aiki ɗaya suna cikin yarjejeniyoyin ƙungiyar ƙwadago ta duniya na 1951 da 1958, waɗanda Nijar ta amince da su tun shekarun 1960, ba jiya aka kawo mana su a jaka ba.

A can inda abin ya fito kuwa iska ta juya. A watan Yuni 2023 kotun ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kamfanoni irin su Ford da Walmart da Meta suka fara janye jiki, a Janairu 2025 Trump na hawa ya rufe ofisoshin DEI na gwamnatin tarayya ya kuma soke umarnin nan na Johnson na 1965, hukumar agajin Amurka ta USAID ma aka wargaza ta a shekarar. Wasu kamar Costco da Apple masu hannun jarinsu sun ƙi yarda a daina. Turai kuma ta nufi wata hanyar daban, Norway tun 2003 ta sa dokar kashi 40 cikin 100 a majalisun gudanarwar manyan kamfanoni, Faransa ta bi a 2011, Tarayyar Turai ta kafa tata a 2022. Saboda haka ONG ɗin da ke cin kuɗin Amurka tana goge kalmomin daga takardunta, mai cin na Turai tana ƙara su, wani lokaci buro biyu a layi ɗaya a Filato. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wanda yake yi don mai kuɗi ya ce, da wanda yake yi don ya ga amfaninsa.

Ƙanwata dai na ce mata ta ajiye dosiyenta, layin nan ba ya ba da aiki kuma ba ya hanawa. In an kira ta hira ta buɗe ido tun daga bakin ƙofa, ta ga ko keke zai iya shiga, ta ƙirga mata nawa ne cikin masu yi mata tambayoyi, in an ce ko tana da tambaya ta ce tana son sanin mace nawa ce ke shugabantar sashe a gidan, da kuma abin da ya faru da ta ƙarshe da ta tafi hutun haihuwa, ta dawo kujerarta ko kuwa. Ta ce Yaya ai in na yi wannan tambayar ba za su ɗauke ni ba. Na ce to ki bari sai kin sa hannu a kontira tukuna. Ta ajiye ranar Alhamis, an ce za a kira waɗanda aka zaɓa nan da sati biyu.